Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Majalisar Dokokin Jihar Jigawa: a raba mutuncin ɗan Adam da sunan kamfani

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisa da dukkan 'yan Majalisar Dokokin Jihar Jigawa, Dutse.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da aiki, Allah ya taya ku riƙon amanar da jama'a suka ɗora muku.

Ranku ya daɗe, roƙo ne ya kawo ni, kuma a kan dokar ɓata suna ne. Ina so ku zauna ku duba ta, ku raba abu biyu da aka daɗe ana cakuɗawa, wato mutuncin ɗan Adam da sunan da kamfani yake ciniki da shi. Na farko haƙƙi ne da Allah ya ba kowane bawa nasa, dole doka ta tsare shi ko da wanda aka ci wa zarafi bai yi asarar sisi ba. Na biyu dukiya ne, kamata ya yi a tsare shi yadda ake tsare dukiya: wanda ya ce an yi masa ɓarna ya kawo lissafin ɓarnar gaban alƙali, ba tare da ɗan sanda ya shiga tsakani ba.

Na yi aikin magatakarda a kotu har na yi ritaya. Yanzu na koma gona a yankin Auyo, ni ne kuma nake riƙe da littafin ƙungiyarmu ta manoman shinkafa. Na ga wannan doka daga teburin kotu, na kuma ga yadda take sauka a kan mutanen ƙauye. Abin da ya sa na rubuto muku ban rubuta Abuja ba shi ne, maganar ɓata suna ba ta cikin jerin abubuwan da kundin tsarin mulki ya keɓe wa Majalisar Tarayya. Hurumin jiha ne, alƙalamin gyaran yana hannunku.

A noman ranin da ya wuce, wani ɗan ƙungiyarmu, magidanci mai iyali, ya sayar da tumakinsa ya sayi takin zamani. Ya watsa, ya ba da ruwa, ya jira. Maimakon shinkafa ta yi duhu sai ganyen ya ci gaba da zama ruwan ɗorawa. Ya ɗebo ragowar takin a kwano ya kawo majalisarmu ta bakin masallaci bayan la'asar. Muka zuba ruwa, muka motsa da kara. Abin da ya narke kaɗan ne, sauran yashi ne da tsakuwa suka kwanta a gindin kwano. Kowa ya sa yatsa ya murza ya ji da kansa. Da dare mutumin nan ya ɗauki waya ya yi saƙon murya a zauren WhatsApp na manoma, ya ce jama'a a yi hattara da taki mai buhu kaza, shi ya saya ya zuba, babu komai a ciki sai ƙasa. Ya ambaci sunan da ke jikin buhun.

Saƙon ya yawata. Ba a daɗe ba sai ga takardar lauya da Turanci, aka kawo mini in fassara masa. An ba shi kwana bakwai ya janye maganarsa ya nemi afuwa, in ba haka ba za a nemi diyyar miliyoyin da ko gonarsa da gidansa aka haɗa ba za su kai ba. Bayan takardar sai gayyatar 'yan sanda. Ya wuni a caji ofis a kan benci, sai da dattawa suka je suka tsaya masa kafin a ba da belinsa. Washegari ya sake yin wani saƙon murya ya ce ya janye, a yafe masa. Sauran waɗanda suka sayi irin wannan taki, kuma sun fi mutum ɗaya, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Mai yiwuwa ma laifin ba na kamfanin ba ne. Mun san akwai masu sayen buhunan da aka juye, su cika su da ƙasa, su sake ɗinkewa su shigar kasuwa. Kamfanin da ke son sunansa da gaske zai turo mutum ya ɗebi samfurin takin, ya tambayi manomi wajen wa ya saya, ya bi sawu har ya kama ɓarawon da ke cin sunansa. Babu wanda ya zo ya kalli kwanon nan. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a rufe bakin mai kuka, doka kuwa ta bar wannan hanya a buɗe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a takardar lauyan nan shi ne inda aka ce maganar ta zubar wa kamfanin mutunci, ta jefa shi cikin kunya da ƙunci. Ranku ya daɗe, wace kunya kamfani yake ji?

Gaskiya ne doka tana ɗaukar kamfani a matsayin mutum mai zaman kansa. Tun shari'ar Salomon a Ingila a 1897 aka kafa wannan ƙa'ida, ita ce kuma dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 take kai. Da zarar Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ba da takarda, kamfani zai iya mallakar fili, ya ci bashi, ya ƙulla yarjejeniya, ya kai ƙara, a kai shi ƙara. Dabara ce mai amfani wadda aka ƙirƙiro don ciniki ya tafi daidai, kuma don in kamfani ya karye kada a bi masu hannun jari har ɗakin kwanansu. Ba ni da ja a kan haka. Amma takardar rajista ba ta hura wa kamfani rai ba. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yi maganar martabar kowane mutum ne, ya hana azabtarwa da bautarwa da wulaƙanci, abubuwan da sai mai jini da tsoka ake yi wa. Ubangiji ma da ya ce a Suratul Isra'i ya karrama, 'ya'yan Adamu ya ambata.

Ku da kuka fito daga garuruwanmu kun san abin da ɓata suna yake yi wa mutum a karkara. A ce an yi wa magidanci sharrin sata. Waɗanda suka zo neman auren 'yarsa za su janye a hankali ba tare da sun faɗi dalili ba. Mai shago zai daina ba shi bashi. In ana neman shaidar cinikin gona ba za a kira shi ba. Zai shiga sahu a masallaci yana jin idon mutane a bayansa, ya koma gida ya kasa barci, 'ya'yansa su sha gori a makaranta. Wani har hawan jini ya kwantar da shi. Wannan shi ne raunin da dokar ɓata suna ta zo ta yi wa magani, shi ya sa ba a ce wa mutum sai ya nuna rasit na asara kafin a saurare shi. Kamfani ba shi da 'yar da za a fasa aure, ba ya shiga sahu, ba ya kwana ido biyu. Abin da zai iya samunsa guda ɗaya ne, ciniki ya ragu. Ciniki kuwa ana rubuta shi a littafi, ana iya nuna wa kotu cewa watan jiya an sayar da kaza, wannan watan an sayar da kaza.

Su kansu Turawan da muka gaji dokar daga wajensu sun daɗe da gane haka. A 1963 wani babban alƙalin Birtaniya, Lord Reid, ya ce kamfani ba a iya ɓata masa rai, aljihunsa kawai ake iya taɓawa. A 2006, a shari'ar Jameel da jaridar Wall Street Journal, Lord Hoffmann ya ce kamfanin kasuwanci ba shi da ruhi, sunansa kadara ce kawai ta jawo masu saye. A ranar ra'ayinsa bai yi rinjaye ba, mafi yawan alƙalan sun tsaya a kan tsohuwar ƙa'idar 1894 wadda ta bar kamfani ya nemi diyya ko bai nuna asara ba. Majalisar dokokinsu ce ta zo ta yanke maganar. Dokar ɓata suna ta 2013, wadda ta fara aiki a Ingila da Wales a farkon 2014, ta ce duk wata ƙungiya mai ciniki don riba ba za ta yi nasara ba sai ta nuna cewa maganar ta jawo mata babbar asarar kuɗi, ko tana dab da jawowa. Ostareliya ta ma wuce nan. A dokokinta na 2005 an hana kamfani kai ƙarar ɓata suna gaba ɗaya, sai wanda ba don riba aka kafa shi ba, ko ƙaramin da ma'aikatansa ba su kai goma ba. Shekara da shekaru ke nan, kamfanoni ba su gudu daga waɗannan ƙasashe ba.

Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ma ta taɓo maganar a 2011. Wani ɗan jarida a ƙasar Hangare, Péter Uj, ya kushe wata giya da kamfanin gwamnati yake yi da kalma mai kaushi, kotunan ƙasarsa suka same shi da laifi. Kotun Turai ta ce an tauye masa 'yancin faɗar albarkacin baki, ta kuma bambanta sunan kasuwanci da mutuncin mutum, ta ce na mutum yana taɓa martabarsa, na kamfani kuwa ba shi da wannan ɓangare.

Akwai wata shari'a da nake so ku tsaya a kanta, domin ita ce ta nuna wa duniya abin da ke faruwa in mai ƙarfi ya riƙe wannan doka. A Landan wasu 'yan rajin kare muhalli sun raba wata takarda suna sukar kamfanin abinci na McDonald's a kan abincinsa, da albashin ma'aikatansa, da tallan da yake yi wa yara. A 1990 kamfanin ya aika wa biyar daga cikinsu sammaci. Uku suka ba da haƙuri. Biyu suka ƙi, Helen Steel mai aikin lambu, da Dave Morris tsohon ma'aikacin gidan waya. Ba su da kuɗin lauya, gwamnati kuma ba ta ba da lauyan taimako a irin wannan ƙara, sai suka tsaya da kansu gaban manyan lauyoyin kamfanin, da ɗan taimakon da wasu lauyoyi suka yi musu kyauta. An fara sauraro a 1994, aka yi zama 313, hukunci bai fito ba sai a 1997. Alƙali ya ce wasu zarge-zargen ba a tabbatar da su ba, ya yanke musu diyyar fam 60,000, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa fam 40,000. Amma alƙalin nan ya tabbatar da cewa wasu maganganun gaskiya ne, har da ƙarancin albashi da amfani da raunin yara wajen talla. A 2005 kotun Turai ta ce ba a yi wa mutanen biyu adalci ba, domin an bar su ba lauya a gaban wanda ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Ku duba ukun nan da suka ba da haƙuri tun farko. Takardar da suka raba akwai gaskiya a cikinta, tsadar shari'a ce ta sa suka sunkuya. In haka ta faru a Landan, ina ga manomin Kafin Hausa wanda kuɗin mota zuwa Dutse ma sai ya sayar da kaza?

A nan gida abin ya fi muni, saboda mu ba a tsayawa a ƙarar diyya. A watan Satumba na 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwanin da ta saya na kamfanin Erisco ya yi mata zaƙi da yawa, ta tambayi ra'ayin mutane. Kamfanin ya ce maganarta ta wuce nan, a cikin musayar da ta biyo baya ta danganta kayansa da kashe mutane, kuma ya yi asara. To, wannan magana ce da kotun farar hula za ta iya tantancewa. Amma abin da aka gani shi ne 'yan sanda sun kama ta, tana da juna biyu, aka kai ta Abuja, aka gurfanar da ita a ƙarƙashin dokar laifukan intanet, ga kuma ƙarar diyyar naira biliyan 5 a gefe. Duk matar da ta ji wannan labari ta koyi darasi ɗaya: in kin sayi abu bai yi miki ba, ki zubar ki yi shiru.

Sashe na 24 na waccan doka ta 2015 shi ne aka fi jawowa. Kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka kuma yi masa kwaskwarima a 2024. Wannan dokar tarayya ce, ba ku da ikon taɓa ta sai dai ku yi kira. Amma kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada tun 1960 naku ne. Sashe na 391 ya bayyana laifin ɓata suna, na 392 ya tanadi ɗauri har na shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Lauyoyi za su ce muku dokar ta keɓe wanda ya faɗi gaskiya don amfanin jama'a, da wanda ya yi gargaɗi da kyakkyawar niyya. Haka ne a rubuce. Sai dai ni da na zauna a kotu na san lokacin da wannan kariya take fara aiki: bayan an kama mutum, bayan ya kwana a bayan kanta, bayan ya nemo mai tsaya masa, bayan an ɗage zama sau da yawa. Kafin a kai ranar da zai kare kansa ya riga ya sha hukuncin. Yawancin masu kai irin wannan ƙorafi ma ba hukuncin alƙali suke nema ba, takardar ba da haƙuri suke so, kuma a caji ofis suke samun ta.

Ghana ta soke laifin ɓata suna daga dokokinta a 2001. Ingila ta soke nata a 2010. Kotun Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da ke Arusha ta yanke a 2014, a shari'ar ɗan jarida Konaté da Burkina Faso, cewa ɗaure mutum saboda ɓata suna ya wuce kima. Ni ban ma nemi ku kai can ba a yanzu. Na san mutanenmu suna da kishin mutunci, kuma akwai masu ganin cewa in an cire tsoron ɗauri bakin wasu ba zai tsaya ba. A bar wannan muhawara zuwa wani lokaci. Abin da nake roƙo ƙarami ne: a rubuta ƙarara cewa sashen laifi na ɓata suna mutum mai rai yake karewa, kamfani ba zai iya fakewa da shi ya tura 'yan sanda gidan kowa ba.

Mu a wannan yanki bai kamata a tsaya ana yi mana dogon bayani a kan amfanin barin mutane su yi magana a kan kamfanoni ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano, a gwajin da ya haɗa yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, bai amsa laifi ba. Iyayen yaran talakawa ne, muryarsu ba ta kai ko'ina ba sai da jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen 2000, kuma sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A 2008 maganin haƙoran jarirai na My Pikin ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan saboda wani sinadari mai guba da aka haɗa shi da shi. A 2018 binciken BBC a kan maganin tari mai kodin, wanda ya nuna halin da matasan Kano suke ciki, shi ya sa gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi cikin 'yan kwanaki. A irin waɗannan masifu, kafin hukuma ta gwada komai a ɗakin bincike, uwa ce take fara cewa wannan maganin ne, ko ma'aikacin asibiti ya faɗa wa abokin aikinsa, ko mai kemis ya lura. Ba su da hujjar da za ta tsaya a kotu a ranar farko. Abin da suka gani kawai suke da shi. Dokar da ta tsorata su ta toshe hanyar da gargaɗi yake fara bi.

Wani zai ce addini ya hana gulma da yi da mutane, kuma gaskiya ne. Suratul Hujurat ta kwatanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce. Suratun Nur ta sa bulala 80 a kan ƙazafi. A huɗubar ban-kwana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haramta jini da dukiya da mutuncin Musulmi. Amma malamanmu ba su taɓa karantar da mu cewa wannan ya rufe bakin wanda aka cuta ba. Suratun Nisa'i ta ce Allah ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin wani ya halatta, daga ciki akwai kai kuka ga mai iko da kuma gargaɗin Musulmi daga cutarwa. Annabi da kansa ya cusa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi a gaban mutane, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Mutumin da ya ce wa 'yan'uwansa manoma su yi hattara da buhun da ya cuce shi nasiha ya yi, kuma da ya yi shiru ya bar maƙwabcinsa ya sayar da akuya ya sayi ƙasa, shi ne za a tambaya.

Ba na cewa a bar kamfanoni a tsakiyar kasuwa kowa ya jefe su. Ƙarya tana kashe sana'a. Na san yadda jita-jita ɗaya, a ce an ga wani abu a cikin ledar ruwa, take iya rufe ƙaramar masana'antar fiya wata a cikin mako, matasan da ke ci a ƙarƙashinta su koma zaman kashe wando. Na san akwai abokan hamayya da ke biyan yara su yaɗa sharri a waya. Jiharmu tana neman masu zuba jari a shinkafa da riɗi da zoɓo, kuma babu mai kawo kuɗinsa inda za a yi masa ƙage ya rasa wurin kai kuka. Wannan kuka yana da ƙofarsa tun da daɗewa: ƙarar ƙarya mai jawo asara, inda mai ƙara zai nuna cewa maganar ƙarya ce, an yi ta da mugun nufi, kuma ga abin da ya rasa. Kamfanin da aka yi wa sharri da gaske ba zai sha wahalar kawo wannan ba, yana da akawu, yana da littafin ciniki, yana da dilolin da za su zo su ce sun mayar da kaya. Wanda zai sha wahala shi ne wanda ba a yi masa komai ba sai faɗar abin da ba ya so a ji.

Haka kuma in an ambaci mai kamfani da sunansa aka ce ɓarawo ne ko maci amana, ƙofar kotu a buɗe take gare shi kamar kowa, domin a nan mutum aka taɓa. Mai injin casa a Hadejiya, da mai shagon magani a Gumel, da dillalin shanu a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, waɗannan sunansu da sana'arsu abu ɗaya ne, wanda ya zagi shagon ya zagi mai shi. Gyaran da nake nema bai rage musu komai ba. In kun ga dama ku bi sawun Ostareliya ku keɓe ƙananan kamfanoni da adadin ma'aikata, ku kuka fi sanin adadin da ya dace da jiharmu.

Ina kuma roƙon ku haɗa da hukumomin gwamnati. Tun 1993 kotun ƙolin Ingila ta wancan lokaci ta hana ƙaramar hukumar Derbyshire ƙarar jaridar Times, ta ce hukumar da jama'a suka zaɓa dole ta jure suka ba tare da ta yi barazanar kotu ba. Ƙaramar hukuma ko ma'aikata ko kamfanin gwamnati da kuɗin talaka ake tafiyar da su. Bai dace a ɗebi kuɗinsa a biya lauyan da zai rufe masa baki don ya ce rijiyar burtsatsen da aka ce an gina ba ta ba da ruwa ba.

Sai maganar lokaci, wadda a wajen talaka ita ce komai. Ku ba alƙali iko, tun a zaman farko, ya tambayi kamfanin da ya kawo ƙara ina shaidar asararsa. In babu, a kori ƙarar nan take, kamfanin ya biya wanda ya jawo kotu kuɗin mota da na lauya. In an bar irin wannan ƙara ta yi shekara uku ana ɗagewa, ko manomi ya yi nasara a ƙarshe ya riga ya rasa damina uku.

Akwai kuma abin da ba gyaran doka yake buƙata ba, kasafi yake buƙata da sa ido. Tarayya ta yi dokar kula da ingancin takin zamani a 2019, ta yi ta irin shuka a shekarar, akwai NAFDAC, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye. Amma manomin Auyo ko Miga ko Kaugama da ya sayi buhun da yake zargi, ina zai kai shi a gwada? Saƙon murya yake yi saboda ba shi da wata ƙofa. Ku sa a buɗe teburin karɓar ƙorafi a sashen aikin gona na kowace ƙaramar hukuma cikin 27 ɗin nan, inda za a karɓi samfur, a ba mutum takardar shaida, a aika gwaji, a kafe sakamako a allo kowa ya gani. Wannan zai kare manomi, zai kuma wanke kamfanin kirki fiye da duk wata takardar lauya.

Ina roƙon kwamitinku na shari'a da na aikin gona su ɗauki wannan magana tare, su kira zaman jin ra'ayin jama'a. Kada a yi shi a Dutse kaɗai. A kai shi Hadejiya da Gumel da Kazaure da Ringim, a yi shi da Hausa, a sanar a rediyo tun da wuri. A gayyaci 'yan kasuwa da masu masana'antu su faɗi tsoronsu, a gayyaci ƙungiyar lauyoyi da malamai da 'yan jarida, a ba mata masu sayen kayan cefane dama su yi magana. Ƙungiyarmu za ta zo zaman Hadejiya, kuma akwai waɗanda suka yi shiru a baya da suka ce za su yi bayani in majalisa ce ta kira su. Muna fatan a yi wannan kafin a fara sayen takin rani mai zuwa.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora.

Wassalam.

Naku,
Tsohon magatakardan kotu, kuma sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Auyo, Jihar Jigawa.